Kafin a Kashe Saba: Yadda Na Tsira da MultiVersus a Gidan Gem Ɗina

Ina da ɗan gidan gem a Yelwa, nan cikin Bauchi, ba nisa da hanyar da ɗaliban jami'ar ATBU ke bi. Ƙwallo ce ke riƙe da shagon, wannan ba sai an faɗa ba. Samari su zo, wannan ya ɗauki Madrid wancan ya ɗauki Barcelona, a yi ta musu har lokacin rufewa. Amma akwai wasu kwastomomi da ba a cika lissafawa da su ba, yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, waɗanda hannunsu bai faɗa a ƙwallo ba tukuna. In sun ɗauki fad, wato abin riƙewar da ake buga wasa da shi, manya su lallasa su, su koma gida da haushi, gobe ba za ka gan su ba. Saboda su na ajiye MultiVersus. Wasan faɗa ne na kamfanin Warner Bros., an tattaro 'yan katun da jaruman da yara suka saba gani a talabijin, su Tom da Jerry, Bugs Bunny, Shaggy, Batman da Superman, an zuba su a dandali ɗaya kowa na neman ya tunkuɗa ɗan'uwansa waje. Mutum huɗu ke yi lokaci guda a talabijin ɗaya, kuma a lokacin kyauta ake sauke shi. Duk mai gidan gem ya san fad huɗu a kan na'ura ɗaya, da man janareta ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Juma'a 31 ga Janairun 2025 kamfanin ya sanar cewa zango na biyar, wanda zai fara 4 ga Fabrairu, shi ne na ƙarshe. Ranar 30 ga Mayu za a kashe sabobin wasan, wato manyan kwamfutocin da wasan ke magana da su duk lokacin da aka kunna shi, kuma a wannan ranar za a cire shi daga shagunan PlayStation, Microsoft, Steam da Epic. Sayen kaya da kuɗin gaske kuwa tun ranar sanarwar aka tsayar da shi. Ɗan yayata, wanda ke taya ni zaman shago in ya taso daga makaranta, shi ya turo mini labarin a WhatsApp da layi ɗaya: “Kawu, an kashe Tom da Jerry.”

Da na zauna na karanta sanarwar daga sama har ƙasa, sai na ga ba a kashe su gaba ɗaya ba, an bar ƙofa ɗaya. Duk wanda ya sauke sabon zubin wasan, ya shiga asusunsa da intanet ko da sau ɗaya ne tsakanin 4 ga Fabrairu da 30 ga Mayu, wasan zai ƙirƙiro masa fayil ɗin ajiya a cikin na'urarsa, abin da yara ke kira sebin. Wannan fayil yana ɗaure da asusun mutum. Da shi za a ci gaba da wasa ba intanet, ko da kwamfuta ko da abokai har uku, tare da duk abin da asusun ya tara ko ya saya. Wanda bai shiga ba a cikin wannan tsakanin, shi ke nan, ko da wasan na zaune a na'urarsa.

Manyan yaran shagon suka ce kada in tayar da hankalina, ai zai dawo. Kuma suna da hujja. Wasan ya fara fitowa a matsayin gwaji a Yulin 2022, har ya ci kyautar wasan faɗa mafi kyau a bikin The Game Awards na ƙarshen shekarar. A Yunin 2023 aka rufe shi, sannan ya dawo ranar 28 ga Mayun 2024. Wanda ya taɓa tafiya ya dawo, me zai hana ya sake? Musun bai yi tsawon rai ba. A ƙarshen Fabrairu aka ji cewa Warner Bros. ta rufe Player First Games, kamfanin da ya ƙera wasan, tare da wasu kamfanoninta biyu. Masu gyaran wasan ma an sallame su, wa zai dawo da shi?

Abin da ya sa ban yi sanya ba shi ne na ga yadda ta kaya da wasu wasannin. The Crew, wasan tseren mota na Ubisoft da ya fito a 2014, an cire shi daga kasuwa a Disambar 2023, aka kashe sabobinsa a ƙarshen Maris ɗin 2024, kuma tun daga ranar ko mai faifai a hannu ba ya iya wuce shafin farko. Gran Turismo Sport kuwa, da aka kashe nasa sabobin ranar 31 ga Janairun 2024, an fitar masa da sabuntawa ta ƙarshe wadda ta mayar da sebin cikin na'ura, ana ci gaba da tsere. Masu Knockout City, da suka rufe a Yunin 2023, sun saki wani zubi na kwamfuta kyauta wanda mutum zai kafa tasa sabar. Concord kuwa mako biyu ya yi a kasuwa a 2024 aka janye shi aka mayar wa mutane kuɗinsu. Kowane kamfani da irin tasa rufewar. Tsofaffin FIFA ma an cire su daga shagunan intanet a Satumbar 2023, amma wannan bai dame mu ba, domin wasan mutum biyu a kujera ɗaya bai taɓa neman saba ba. Tun daga nan na koyi neman ranaku uku a duk irin wannan sanarwa: ranar da za a daina karɓar kuɗi, ranar da za a cire wasan daga shago, da ranar da za a kashe saba. Wani lokaci watanni ne a tsakaninsu, wani lokaci, kamar a nan, biyun ƙarshe rana ɗaya suke faɗowa.

Wata huɗu kamar lokaci ne mai yawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Na fara da duba abin da nake da shi. Na'urori biyar ne a shagon, PlayStation 4 (PS4) huɗu da PlayStation 5 (PS5) ɗaya. Biyu daga cikin PS4 ɗin irin waɗanda aka fasa wa tsaro ne, masu hakin, suna zaune a kan manhaja ta 9.00 tun zuwansu. Duk wanda ya san gidajen gem na ƙasar nan ya san irinsu. Matsalarsu ita ce ba sa shiga PlayStation Network, domin kafin ka shiga sai na'ura ta hau sabuwar manhaja, in kuwa ta hau, hakin ya tafi kuma ba a komowa baya. Ɗan yayata ya so mu sabunta ɗaya don a samu ƙarin wurin Tom da Jerry. Na ce masa ya yi lissafi, wasa ɗaya na yara a gefe guda, duk abin da ke cikin na'urar a ɗaya gefen. Bai sake tayar da maganar ba. Saura uku ke nan.

Ta farko ba ta ba ni wahala ba. Ni na saye ta, ni na buɗe asusun da ke kanta da imel ɗina, kuma a kansa yara suka daɗe suna wasan. Ta biyu ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Ta hannu na saye ta wajen wani mai gyara a kusa da Wunti, ta zo da asusu a kanta da wasanni a ciki, har da MultiVersus ɗin. Shekara da shekaru ana amfani da ita ba wanda ya taɓa tambayar asusun na wane ne, tunda komai na buɗewa. Da na haɗa ta da intanet ta gama sabunta manhajarta, sai ta ce in sa kalmar sirri. Imel ɗin da ke rubuce a wurin wasu haruffa ne da lambobi da ban taɓa gani ba.

Na hau Keke Napep na tafi wajen mai gyaran. Bayan mun gaisa na ce, “Injiniya, imel ɗin na'urar nan da ka sayar mini nake nema.” Ya yi dariya ya ce, “Haba Oga, wane imel? Yadda ta zo daga Legas haka na miƙa maka ita.” Ya buɗe wani tsohon littafi da yake rubuta na kwastomomi, muka bi shafi-shafi, babu. Ban ga laifinsa ba, haka kasuwar take. Na'ura ta fito daga hannun wani a Ingila, ta bi ta Legas, ta iso Bauchi, mai asusun bai ma san akwai wani gari mai suna Bauchi ba. Abin da ya fi damuna shi ne na'urori nawa ne a garin nan ke cikin wannan hali. Mutum ya biya kuɗinsa, wasannin na buɗewa, yana ganin nasa ne, alhali makullin na aljihun wani da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Ranar da mai asusun ya sauka daga kan na'urar daga can inda yake, in ka haɗa ta da intanet, kwaɗo zai bayyana a kan duk wasan da aka saya da asusunsa.

Injiniyan ya ba ni shawara mai kyau, kuma ita na bi. Ya ce kada in taɓa tsohon asusun, kada in goge shi, in bar shi yadda yake, domin PS4 ɗaya na iya zama babbar na'urar asusu fiye da ɗaya. In buɗe sabo nawa a gefensa, tunda wasan kyauta ne, sabon asusun zai karɓi nasa lasisin ba tare da ko sisi ba. Sai ya ƙara da wani abu da ban yi tunaninsa ba. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa kowa ke zaɓar Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, kuma in ka zaɓa ba a canzawa. Sau da yawa wasa ɗaya yana da zubin Amurka daban, na Turai daban, kowanne da lambarsa da sebin ɗinsa. Tunda wanda ke cikin na'urar da asusun Ingila aka sauke shi, in na buɗe na Amurka zan iya tarar da kaina ina sauke wasan daga farko. Don haka na zaɓi Ingila. Na buɗe sabon imel na shago zalla, ba nawa na kaina ba, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, na kwafe lambobin ko-ta-kwana da suka bayar a bayan littafin cinikin shago da biro.

Me ya sa ban sa asusuna na farko a duka ukun ba in huta? Saboda asusu ɗaya, PS4 ɗaya kawai yake iya mayarwa babbar na'urarsa, sai kuma PS5 ɗaya. A PS4 ana yin haka a wurin da aka rubuta “Activate as Your Primary PS4”, a PS5 kuma “Console Sharing and Offline Play”. Na'urar da ba a yi wa haka ba sai ta leƙa intanet ta tabbatar da lasisi kafin ta buɗe wasan da aka sauke daga shago. Mu kuma duk wahalar da muke yi don a rabu da intanet ne. Asusuna ya ɗauki PS4 ta farko da PS5, sabon ya ɗauki PS4 ta biyu.

Sai maganar data da wuta, wadda ita ce rabin kowane aiki a nan. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kuma a Fabrairu muka fara ji a jikinmu. Man fetur na neman dubu a lita. Sabunta manhajar na'ura da sabunta wasan gigabait ne masu yawa, ba abin da za a yi da rana a data ta yau da kullum ba. Allah Ya taimaka azumi ya kama ranar 1 ga Maris, dare ya zama rana. Bayan an idar da asham in rufe shago, in naɗe na'ura a jaka in tafi gidan yayana a Fadaman Mada, inda yake da sola da batura. PS4 in tana saukar da abu a yanayin hutu, da 'yar fitilarta ruwan lemo, aka ɗauke wuta, tana iya tashi da ɓataccen fayil, ka koma gyaran rumbunta kafin ta yarda ta yi aiki. Ba na son wannan caca a shago, inda wuta ke zuwa ta koma ba sallama. In sayi datar dare mai rahusa, in ajiye rauta, na'urar da ke raba intanet, a taga inda sabis ya fi kamawa, mu yi hira da Yaya har barci ya ɗauke shi. Wani daren sabis ya yi gudu, wani daren layin saukarwar ya tsaya cak kamar an dasa shi. Matar yayana tana tashi ɗumamen sahur ta tarar da ni zaune gaban talabijin, ta ce, “Kai dai wannan sana'a taka, ko mai gadi ya fi ka barci.”

A kan PS5 na yi wata dabara da nake ganin ita ce mafi amfani a duk aikin. Wasan yana da zubi biyu, na PS4 da na PS5, kuma PS5 na karɓar duka biyun. Na PS5 ya fi kyan gani, amma na zaɓi na PS4, saboda dalili biyu. Wasan PS5 ba ya karɓar tsohon fad na PS4, sai DualSense, wanda kuɗin guda ɗaya zai sayi tsofaffi da yawa, kuma hannun yara ba ya tausayin fad. In kuwa zubin PS4 ne ke gudana a kan PS5, tsofaffin fad ɗina duk suna aiki. Na biyu, PS5 ba ta barin a kwafi sebin ɗin wasan PS5 shi kaɗai zuwa fulash, sai dai a tura shi ma'ajiyar intanet ta masu biyan PlayStation Plus, ko a kwafe na'urar ɗungurungum. Sebin ɗin wasan PS4 kuwa tana bari a kwafa. Ban ma sake kashe data a kanta ba. PS5 tana da hanyar jawo kaya daga PS4 in asusu ɗaya ne a kansu kuma suna kan rauta ɗaya. Na haɗa su da wayar LAN, ta kwafe wasan ta bar na asalin a wurinsa.

Shigar kanta, wadda saboda ita aka yi duk wannan, ba ta kai minti biyar ba a kowace na'ura. Ka buɗe wasan da intanet, ya nemi asusun WB Games, wato na Warner Bros., domin ban da na PlayStation wasan na da nasa daban. Na tsohon asusuna a haɗe yake tun tuni. Sabon sai da na buɗe masa da imel ɗin shago, aka turo saƙon tabbatarwa na danna. Shafin farko ya buɗe da hoton zango na biyar, ga Aquaman da Lola Bunny, 'yan wasa biyu na ƙarshe da aka ƙara. Ba ganga ba kiɗa. Ni kuma ba na yarda da abin da ban gani da idona ba, sai na fita daga wasan na shiga wurin da na'ura ke jera fayilolin ajiya, na nemo na MultiVersus, na duba kwanan watan da ke jikinsa. Na ranar ne. Sannan na cire intanet gaba ɗaya na kashe na'urar na sake kunnawa, don in ga ko kwaɗo zai fito a kan hoton wasan. A ta biyu ya fito. Ashe sabon asusun bai hau matsayin babba ba. Na mayar da intanet na kunna masa, na danna “Restore Licenses”, na sake gwadawa, kwaɗon ya ɓace. Da a ce sai watan Yuni aka gano wannan, wataƙila da an gyara, tunda lasisi a hannun PlayStation yake ba a sabar wasan ba, amma wa ke son gwada sa'arsa bayan an rufe ƙofa?

Hutun azumin da gwamnatin jiha ta ba makarantu a shekarar, wanda aka yi ta muhawara a kansa a rediyo, ya cika mini shago da yara tun hantsi, kuma na samu aikin da zan ba su. A asusuna na farko akwai ragowar Gleamium, kuɗin cikin wasan, da tikitin buɗe 'yan wasa, kuma sanarwar ta ce za a iya kashe su har zuwa 30 ga Mayu, bayan nan ba su da amfani. Na ce su zaɓi abin da za a saya. Ban taɓa ganin zaman majalisa mai zafi irin wannan ba. Wani na son rigar Batman, wani ya rantse sai ta Shaggy, wata yarinya da ke rako yayanta ta ce ita dai a sayi ta Velma ko ta fasa zuwa. Ɗan yayata ya zama kakakin majalisa, aka ɗaga hannu, aka kashe kuɗin tas. Duk bayan an ƙara wani abu sai in sake shiga da intanet in bar wasan ya ɗan zauna, don sebin ɗin ya ɗauki sabon kayan.

Daga nan sai ajiya. Sebin ɗin kowace na'ura na kwafe shi a fulash, wanda bai kai girman hoto biyu na waya ba a wajen cin wuri. Wasan kansa ya fi wuya. PS4 na karɓar rumbun ajiya na waje mai USB 3.0, daga gigabait 250 zuwa terabait 8, amma matsar da wasa take yi zuwa can, ba ta yin kwafi biyu. Abin da ke ba ka kwafi na gaske shi ne kwafe na'urar gaba ɗaya ta “Back Up and Restore”, wanda ke ɗaukar awanni, don haka shi ma a gidan Yaya aka yi shi. Rumbun yana gida cikin durowa, ba ya zuwa shago. Na kuma sa kalmar sirri a kan saitin na'urorin, na manna takarda a jikin kowacce da rubutu baƙi ƙirin: kada a goge komai. Ban da wuta, babban abokin gabar wasa a gidan gem shi ne saurayin da ya zo da sabon faifai, na'ura ta ce masa wuri ya cika, ya waiga ya ga ba ka kallo.

Injiniya ya kuma tuna mini da ƙaramin batirin agogo da ke cikin PS4, irin mai faɗin kwabo, CR2032. A da in ya mutu kuma ba intanet, na'urar na iya ƙin buɗe wasanni. Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, ta gyara wannan a manhaja ta 9.00 a Satumbar 2021, don haka namu sun tsallake, amma duk da haka na sa ya canza na tsohuwar lokacin da ya buɗe ta yana share ƙurar da hunturu ya tara mata.

Ranar 30 ga Mayu ta faɗo Juma'a, mako ɗaya kafin Babbar Sallah. Ƙarfe 9 na safe agogon Kalifoniya aka sa, wanda ya kama bayan la'asar a nan. Bayan an sauko daga masallaci na yi shiga ta ƙarshe a duka ukun, na sake kwafe sebin. Manyan yaran suka nemi a bar su su yi wasan intanet na bankwana, na bar su, suka yi ta fafatawa da wasu da ba su sani ba har wasan ya daina samo abokin karawa. Washegari da safe, rauta a kashe, na kunna ta farko. Ya buɗe. Fad huɗu suka shiga, rigar Velma na nan. Ta biyu ma ta buɗe, PS5 ma haka.

Gaskiyar magana, abin da aka ɗauke mana bai kai abin da aka ɗauke wa wasu ba. Wasan intanet daga Bauchi dama da ƙyar yake, nisan da ke tsakaninmu da sabobin ya sa kana danna duka abokin karawarka ya riga ya bar wurin. Mu kujera ɗaya da talabijin ɗaya muka sani, kuma shi aka bar mana. Ko kwabo ban taɓa sa wa wasan ba sai kuɗin data. Waɗanda suka sayi kunshin farko na dala 100 a 2022, ko suka shekara suna hawa matsayi a gasar intanet, su ne ke da abin cewa, kuma sun faɗa. Abin da na fi lura da shi shi ne ƙofar da aka bari ta masu labari ce kawai. Sanarwar da Turanci ta fito, a shafukan da mai gidan gem na Bakin Kura ko Jahun ba ya leƙawa. Kuma sai kana da asusun da ka san kalmar sirrinsa, da data, da wutar da za ta kai ka ƙarshen saukarwa. A can ƙasashen maganar ta kai ga hukuma. Bayan rufe The Crew wani mai bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games a Afrilun 2024, yana neman a tilasta wa kamfanoni su bar wasa a yanayin da zai yi aiki in sun janye, kuma takardar koken da aka kai Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a Janairun 2025, wadda ta ce shagon intanet ya fito fili ya gaya wa mai saye cewa lasisi yake biya, ba mallaka ba. Mu da muke buɗe asusu da adireshin garuruwan da ba mu taɓa takawa ba, duk abin da suka samo a can shi zai gangaro mana.

Bayan Sallah wani abokin sana'a da ke da shago a Gwallameji ya zo da PS4 ɗinsa a buhu. Yaran unguwarsu sun ba shi labari, yana so in zuba masa. Na kunna na'urarsa muka nema a shago, babu wasan. Ya ce to in kwafa masa daga rumbuna. Na ce ko na kwafa ba zai buɗe ba, lasisin da sebin ɗin duk a jikin asusuna suke, kuma asusun ba ya zama babba a PS4 biyu. Ya yi shiru, sannan ya nuna ta biyun, wadda na saya a Wunti, ya ce, “To Malam, sayar mini da waccan.” Na ce in zai saya har da imel ɗin shago da shafin bayan littafina zan haɗa masa, kuma kuɗinta ba zai zama na PS4 ta hannu ba. Na faɗa masa farashi. Ya ce zai yi shawara da ɗan'uwansa, har yau bai dawo da maganar ba.